Idon Mien na Hagu

Magana ɗaya ce ta kai Mien gaban wuƙar likita, kuma wadda ta faɗe ta ba da mugun nufi ta faɗa ba.

Ranar da Doan ya cika shekara talatin da takwas da rasuwa ce. Kamar kowace shekara, Mien ta rufe rumfarta ta taliya da romon kifi da ke kasuwar bakin teku a garin Quy Nhon, ta dafa kaza sukutum da shinkafa mai danƙo, ta jera su a teburin magabata gaban hoton mijinta, ta tara dangi da maƙwabta. Kamar kowace shekara kuma, sai da ta ba da labarin haɗuwarsu: yadda tana budurwa ta je sarin kifi, wani masunci ya tsaya a cikin kwalekwale yana kanne mata ido, ita kuwa ta ɗauki kan kifi ta jefe shi da shi a goshi. Kowa ya san labarin, kowa ya yi dariya a inda aka saba yi.

Cikin maƙwabtan akwai baƙuwa, matar mai kantin magani da suka tare a layin wata biyu da suka wuce. Yarinya ce mai ladabi, har ladabin ya yi mata yawa. Ta iso a makare, labari ya wuce ta. Ta kunna tsinken turare, ta rusuna sau uku, ta tsaya tana kallon hoton. Saurayi ne ɗan shekara talatin, gashi kwance luf, idanu manya a buɗe tar. Sai ta juyo ta kama hannun Mien da hannu biyu.

"Sannu, Inna. Ɗan naki kyakkyawa ne. Shi kaɗai ne namiji a wurinki?"

Luyen, 'yar Mien tilo, ta sunkuyar da kai cikin kwanonta. Mutum ɗaya ce ta fashe da dariya, wato Tuat, yayar marigayin, tsohuwa 'yar saba'in da huɗu wadda abin dariya bai taɓa wuce ta ba ko a gidan makoki.

"Shi kaɗai ne, 'yar nan," in ji Tuat tana share ƙwalla. Ta nuna Luyen da tsinken cin abinci. "Kuma shi ne uban waccan."

Yarinyar ta rasa inda za ta sa kanta. Mien ta taya su dariya, har ta ƙara mata cinyar kaza don ta saki jiki. Amma da la'asar, bayan an watse an wanke kwanoni, ta dawo ta tsaya gaban teburin ita kaɗai.

A gefen hoton Doan akwai gurbi wanda ba a ajiye komai a cikinsa, ko kofin shayi. Gurbinta ne. Tsofaffinmu ba sa barin wannan aiki a hannun 'ya'ya. Tun mutum na da sauran ƙarfi yake sa kayansa masu kyau ya je a ɗauke shi hoto, a naɗe a ajiye saman durowa, don kada ranar da ya cika a ɗauko wanda aka yi masa a wajen biki baki cike da abinci. Sa'o'in Mien duk sun yi nasu. Ita ce dai kullum sai ta ce baɗi.

Ta ɗauko ƙaramin madubi ta riƙe shi a gurbin, daidai kusa da fuskar Doan, ta leƙa. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Tamoji da furfura ba su dame ta ba, kowa da nasa. Idanun ne. Fatar sama ta sauko ta rufe su kamar rumfar da ruwan sama ya yi wa nauyi, har ta manta rabon da ta ga gashin idonta. Shekara sittin da biyar, talatin da takwas daga ciki a kan tururin tukunya.

Mien ba ta tsoron mutuwa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ta zauna a teburin nan har abada, jikokin jikoki suna rusunawa suna cewa ga kaka ga ɗanta. Can ƙasan wannan kuma akwai wanda ya fi shi ciwo, wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Doan ya fita kamun kifi wata safiya ya bar ta tana da shekara ashirin da bakwai da cikin wata bakwai, guguwa ta tashi, ko takalminsa teku bai dawo da shi ba. Matar da ya sani ke nan. Idan ta isa can da wannan fuska, ta yaya zai gane ta?

Kwana uku tana juya maganar, ranar na huɗu ta faɗa a wajen cin abinci.

"Za a yi mini aikin ido. A ɗage fatar. Bayan nan sai in je hoto."

"Haba Mama," in ji Luyen. "A kan hoto? Ai mai hoton zai gyara miki a kwamfuta, minti biyar. Ko 'yar shekara ashirin kike so sai ya mayar da ke."

"Hoton zai gyara. Ni fa? In na tafi can, kwamfutar za ta biyo ni ne?"

Tuat, wadda ba ta rasa dalilin cin abinci a gidan, ta ajiye kwano ta ƙare wa Mien kallo daga sama har ƙasa.

"To, amarya. In an ɗage idon sai a ja wuya, in an ja wuya sai a sa haƙora. Kafin a gama ai ƙanena ya gaji da jira ya auri wata a can."

"Yaya, ba na son wasa."

"Wa ke wasa? Yaushe ne ranar? Ni zan raka ki. Ina so in ga inda za su zuba fatar da ta yi saura, ko za ta ishe ni jaka."

Haka zamansu yake tun Mien na sabuwar amarya. Tuat ba ta iya faɗin magana mai daɗi, bakinta bai saba ba. Amma ita ce ta karɓi haihuwar Luyen, ita ce ta yi ta zirga-zirgar makoki lokacin da Mien ke kwance ba ta san safe ba ta san yamma ba, ita ce ta ɗauki ɗan ƙaramin hoton Doan ta kai wa mai zane ya fitar da babban da ke kan tebur yanzu, da garin gawayi da tsinken gora, kamar yadda ake yi a wancan zamani.

Likitar mace ce, ba ta fi sa'ar Luyen ba. Ta tsunkuli fatar idon Mien da ɗan hantsaki, ta zana layi da alƙalami shuɗi, ta ce rabin matan kasuwar nan sun bi ta ɗakinta, sai dai ba mai faɗa wa 'yar uwarta. Ta ce ma fatar ta fara tare mata gani ta gefe. Aikin bai kai awa guda ba. Mien na kwance ido biyu, ba zafi, sai ja-ja da ɗan ƙaurin abin da ke ƙonewa, tana jin muryar Tuat ta bayan ƙofa tana tambayar wata baƙuwa ita kuma me ta zo a rage mata.

Dokokin likita uku ne: kada ta tsaya kan tururi, kada ta yi ta sunkuyo, kada ta yi kuka. Dokokin Tuat kuwa ba su ƙirguwa, kuma don ta tabbatar an bi su sai ta kwaso tabarmarta ta tare a gidan. Ba cin kaza, tana sa ƙaiƙayi. Ba naman sa, tabo zai yi baƙi. Ba ƙwai, tabo zai yi fari. Ba alayyafon ruwa, tabo zai yi tudu. Ba kifi, ba jatan lande, ba ƙaguwa, a garin da ko iska ƙarnin kifi take yi. Uwa uba ba shinkafa mai danƙo, don ita ce ke sa ciwo ya yi ruwa ya ƙi kamewa. Likita ta ce ita ba ta san da wannan ba, Tuat ta ce ai shi ya sa ake kiranta yarinya. Abin da ya rage wa Mien shi ne kunun shinkafa da ɗan naman alade, safe da rana da yamma, Tuat na zaune gabanta tana ɓare jatan lande tana tsotsar yatsu.

Idanun suka kumbura suka yi shuɗi, sannan kore, sannan rawaya. Luyen ta riƙe rumfa. Mien ta sayi baƙin tabarau mai faɗi, kuma ko turaren safe za ta kunna sai da shi a fuska.

"Wa kike ɓoye wa?" in ji Tuat.

"Ba na so ya gani sai an gama."

Tuat ta buɗe baki za ta yi tsiya, sai kuma ta fasa, ta shiga kicin tana ƙunƙuni.

Da aka cire zare, surukar Tuat ta haihu a garin Da Lat, Tuat ta tafi zaman jego. Tana fita da kwana biyu mai tallan shinkafa mai danƙo ta wuce ta ƙofar gida, ƙamshin gyaɗa da kwakwa ya shigo har ɗaki. Mien ta yi ta maza, ta kasa. Loma uku ta ci, a tsaye, bayan ƙofa.

Kumburi ya saɓe a hankali. Idon dama ya fito fes, har gashin idon ya dawo, Mien ta ga budurwar da ta sani, ita kanta a da, tana leƙowa daga ciki. Na hagu kuwa ya ƙi. Fatar ta tsaya rabin hanya, kamar tagar da aka buɗe aka manta ba a ƙarasa ba. Likita ta ce a ba shi lokaci. Aka ba shi wata ɗaya, aka ba shi uku, yana nan inda yake. Likita ta duba ta ce yakan faru, 'yar jijiyar da ke ɗaga fatar ce ta yi sanyi, ƙaramin aiki ne, ta dawo ranar Talata ta sama a gyara. Mien ta gyaɗa kai kawai. Ita ta san ba wata jijiya, loma ukun nan ce.

Ranar Asabar da hantsi Tuat ta dawo, ko gidanta ba ta biya ba, ta sauka daga babur da jakarta da kwandon kayan lambu.

"Har yanzu tabarau? Cire mu ga amarya."

"Yaya, sai na faɗa miki wani abu tukuna. Na ci shinkafa mai danƙo."

"Na sani. Tun ina mota na sani. Cire."

Mien ta cire, ta daure zuciyarta tana jiran dariyar da za a ji har bakin kasuwa. Shiru. Tuat ta tsaya riƙe da kwando, bakinta a ɗan buɗe.

"Juyo wajen haske," ta ce, da wata murya da Mien ba ta san ta da ita ba.

Mien ta juya. Tuat ta daɗe tana kallo. Sai ta ajiye kwandon a ƙasa, ta juya ta fita, ba sallama.

Wannan ya fi dariyar ciwo. Mien ta wuni tana cewa lallai abin ya kai muni, tunda har bakin Tuat ya mutu.

Washegari da sassafe sai ga ta da wani tsohon gwangwanin biskit duk tsatsa. Ta zauna a tabarma gaban teburin magabata, ta ce wa Mien ta zauna, ta ce wa Luyen ita ma kasuwa ta jira. Ta buɗe gwangwanin, ta tono ƙarƙashin tsofaffin takardu, ta fito da wani kati da ya yi rawaya, katin ƙungiyar masunta. A kusurwarsa akwai hoto wanda bai fi kan babban yatsa ba.

"Ungo. Sa tabaran karatunki."

Mien ta kai katin kusa da fuska. Doan ne. Gashinsa a hargitse, kunnuwa a baje. Idon dama a buɗe, na hagu kuwa fatar ta sauko ta tsaya rabin hanya.

"Ƙugiya ce ta kama shi yana ɗan shekara tara," in ji Tuat, tana kallon tabarma. "Ni na jefa ta. Da na kai wa mai zane katin nan sai na ce masa ya buɗe idon. Na ce ƙanena ba zai zauna a kan tebur har abada kamar mai gyangyaɗi ba. Mutumin kuma da ya samu wuri sai ya kwantar da gashi, ya rage kunne. Da na kawo kina kwance, kika kalla sau ɗaya kika juya kika fuskanci bango. Na ce in kin warke za ki yi mini faɗa. Ba ki yi ba. Shekara ta wuce, goma ta wuce, sai na ji kin fara ba da labarin wai ya kanne miki ido."

Mien ta sake duban katin. Abin ne ke dawo mata, ba da gudu ba, kaɗan-kaɗan. Ɗaya-da-Rabi. Sunan da masunta ke kiransa da shi ke nan. Bai taɓa kanne mata ido ba. Kwana uku ya yi yana biyo ta da ƙullutu a goshi yana rantsuwa cewa haka idonsa yake, ita kuma kunyar jifan ce ta sa ta fara saurarensa. Idan ya gaji, idon yakan ƙara sauka, ta nan take gane ranar da kamu bai yi kyau ba tun kafin ya yi magana. Safiyar ƙarshe ma da wannan idon ya waiwayo ya dube ta daga bakin ƙofa.

A farkon shekarun ta san zanen ba shi ba ne sosai. Amma kullum safiya shi take gani, shi take yi wa magana, shi take kai wa ƙarar Luyen in ta yi rashin ji. Ba ta san ranar da mutumin gawayin ya ture na gaskiyar ya zauna a wurinsa ba. Wata uku tana kallon idon nan a madubi tana tsine wa shinkafa, ko sau ɗaya bai faɗo mata a rai ba. Ita da ke tsoron kada ya kasa gane ta, ashe ita ce ta riga ta manta shi. Kunya ta kama ta, da baƙin ciki, da wani daɗi mai zafi wanda ta rasa sunansa.

"Ashe haka Baba yake," in ji Luyen a hankali. Ta karɓi katin, ta dubi hoton, ta dubi uwarta, ta sake duban hoton. "Mama, ai ku ɗaya ne."

"Jiya da kika cire tabaran nan," in ji Tuat, "na ɗauka shi ne ya leƙo ta fuskarki zai tambaye ni ina idonsa." Ta ja hanci da ƙarfi. "Ki zage ni in za ki zage ni, in tafi."

"Shekara talatin da takwas, Yaya."

"Na sani."

"Kina zaune ina ba da labarin ƙarya, kina cin kazata."

"Kazar ba ta da laifi."

Mien ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, Tuat ta taya ta, tana yi tana cewa likita ta hana, Mien na cewa wannan dokar ta wata ukun baya ce. Luyen ta tashi ta dafa musu shayi ta bar su.

Ranar Talata Mien ba ta je asibiti ba. Luyen ta buga waya ta ba da haƙuri, likita ta ce ƙofa a buɗe take duk ranar da ta sake shawara. Maimakon haka Mien ta sa doguwar rigarta ta siliki mai ruwan goro, ta ɗaure gashi, suka tafi shagon mai hoto ita da Tuat. Mutumin ya zaunar da ita, ya ɗaga mata haɓa, ya ɗauka sau huɗu. Da hoton ya fito a kwamfuta sai ya matso da ɗan kibiyar wajen idon hagu.

"Inna, wannan zan ɗan daidaita miki shi da ɗan uwansa. Ba wanda zai gane."

"Taɓa shi ka gani," in ji Tuat. "Mun yi irin wannan gyaran sau ɗaya a gidanmu, ya ishe mu."

A hanyar dawowa, Mien na rungume da hoton cikin takarda, ta yi tambayar da ta daɗe tana cin ta.

"Yaya, kina ganin zai gane ni?"

"Gane ki? Cewa zai yi kwaikwayonsa kike yi, ya nemi kan kifi ya rama." Suka yi 'yan taku. "Mutanen da suna cewa miji da mata na gaskiya fuskarsu takan zo ɗaya. Ku dai kun yi nawa, shi ke nan."

Ba su sauke babban zanen ba. Ya yi shekaru yana sauraron Mien, ba a korar irinsa. Katin dai ta soke shi a kusurwar gilashin, ta ɓangaren gurbinta. Sabon hoton kuma ta naɗe shi a tsohon zani, ta hau kujera da kanta ta ɗora saman durowa, ta ce wa Luyen ga shi nan, amma kada ta sa rai da wuri.

Washegari ta tashi kafin ta ɗora tukunya, ta wanke fuska, ta bar tabarau a kan taga. Ta kunna tsinken turare, ta rusuna sau uku, ta matso dab da ɗan katin.

"Ɗaya-da-Rabi," ta ce. Rabon bakinta da sunan tun tana da cikin Luyen. "Ka yi haƙuri, na daɗe ban gaishe ka ba. Ni ce."

Daga kicin Tuat ta ɗaga murya tana cewa shinkafa mai danƙo na hucewa, in amarya ta gama zance. Mien ta ƙura wa Doan na cikin katin ido. Ta tsaya har turaren ya ci rabi, suna kallon juna, kowa da idonsa ɗaya da rabi.